Ƙasar da Zan Zuba wa Baba Soja

Na sauke wata fasinja ke nan a ƙofar wani ofishin jakadanci a arewa maso yammacin Washington, ina neman inda zan juya tasi, sai wayar maiɗakina ta shigo. Ba ta saba kirana da hantsi ba, don ta san ina kan titi. Da na ɗauka ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Samu wuri ka tsaya." Na gangara gefen hanya. Ta ce, "Baba Soja lokaci ya yi. Yanzu Mama matarsa ta shigo ta faɗa mini. A kan kujerarsa, bayan ya sha kofi."

Na yi ta maimaita innalillahi har wani mai mota a bayana ya gaji da danna mini oda. Na kama hanyar gida.

Baba Soja maƙwabcinmu ne a Fort Washington. Babu katanga tsakaninmu, sai 'yan shuke-shuke da ba su kai ƙugu ba. Baƙar fata ne ɗan ƙasar nan, dogo, mai ɗingishi kaɗan. Tun yana saurayi aka kai shi yaƙi can Asiya, ya dawo da ɗan guntun ƙarfe a gwiwa. Daga baya mutanen yankin suka yi ta zaɓensa yana wakiltarsu a majalisar dokokin jiha, shekara da shekaru, har ya ce ya gaji ya bar wa yara. Mu duk ba mu san wannan ba lokacin da muka tare. Kullum a lambu nake ganinsa, da tsohon wando da hular kaki, yana fama da kuɓewa da tumatir. Na ɗauka tsohon mai gadi ne da ya huta.

Rasuwar mahaifina ce ta haɗa mu. A Kano ya rasu, ni kuwa a lokacin takarduna ba su kammala ba, in na fita ba dawowa. Sai aka yi mini zaman makoki a nan. Mutanenmu suka zo daga ko'ina, har daga Gaithersburg, motoci suka cika layin, wasu suka hau kan ciyawar mutane. Maƙwabta suka ji haushi, suka tura dattijon unguwa ya zo ya yi mana magana. Shi ne Baba.

Ya iso da sandarsa, fuska a ɗaure. Wanda ya tarar a bakin ƙofa abokina ne, mutumin Damagaram, direban tasi kamar ni, wanda Turancinsa bai wuce na karɓar kuɗin mota ba. Ya ga dattijo, ya ɗauka mai gaisuwa ne. Ya durƙusa ya kwance masa takalma, ya riƙo hannunsa har cikin falo, ya zaunar da shi, kafin ya buɗe baki an ajiye masa tuwon shinkafa da miyar taushe.

Na zo na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi mutane, wasu na addu'a, wasu na gardamar ƙwallo, ya ce, "Wane biki ake yi a nan?"

Na ce mahaifina ne ya rasu.

Ya ajiye cokali. "Ina gawar?"

"An binne shi tun jiya a Kano, kafin rana ta faɗi."

"To waɗannan me suke yi?"

"Zama suke yi, ranka ya daɗe."

"Zaman me?"

Ban taɓa tunanin amsar wannan tambaya ba. Na ce, "Don kada in zauna ni kaɗai."

Ya ɗauki cokalinsa ya cinye tuwon tas. Washegari sai ga shi da kujerarsa ta naɗewa da usur a wuya. Ya zauna a bakin layi yana jera motocin baƙina kamar masu fareti, wanda duk ya taka ciyawar wani ya sha usur. Daga ranar babu maƙwabcin da ya sake ƙorafi.

Ranar da aka tashi daga zaman, da la'asar, muka rage ni da shi a ƙofar gareji. Ban san abin da ya sa na faɗa masa ba, don ko maiɗakina ban faɗa wa ba. Na ce ba mutuwar ce ta fi damuna ba, kowa zai tafi. Abin da ya tsaya mini shi ne ƙannena sun ɗauki mahaifinmu a kafaɗa, sun sa shi a kabari, kowa ya zuba ƙasa da hannunsa, ni babban ɗansa ina nan ina kallon waya.

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Ya ce shi ma akwai abokansa da jirgi ya kwashe daga bakin daga, bai taɓa ganin inda aka sa su ba. Sannan ya juyo yana murmushi.

"Ɗana, 'ya ɗaya gare ni, lauya ce, ba ta taɓa ƙasa ko a lambu. In tawa ta zo, kai za ka zuba mini. Kuma ku yi wa matata irin wannan zaman, har da tuwon."

Na yi dariya. Ya ce, "Ba wasa nake ba. Ɗaga hannunka na dama." Haka ya rantsar da ni a ƙofar gareji, kamar sabon ɗan majalisa. Tun daga ranar nake ce masa Baba, matarsa kuma Mama. Yarana ne suka ƙara masa Soja.

Sannu a hankali na san ko wane ne shi, kuma ba daga bakinsa na fara ji ba. Da idonsa ya yi rauni ni nake kai shi asibitin tsofaffin sojoji, sai na ga ma'aikata suna miƙewa in ya shigo. Wata ta ce mini ba don shi ba da har yanzu sai sun yi doguwar tafiya kafin su ga likita. Amma shi ba asibitin yake alfahari da shi ba. Akwai wata rumfar jiran bas a kan babban titi, 'yar ƙarama, da benci ɗaya. Duk sanda muka wuce sai ya ce in rage gudu.

"Ka ga wannan? Na fi shan wuya a kanta fiye da yaƙi. A can aƙalla na san wanda ke harbina."

Lambobin yabonsa na soja kuwa a cikin aljihun tebur suke, tare da batura da tsofaffin makullai.

Mu ma mun ci amfaninsa. Wata Juma'a wani saurayi ɗan Maraɗi ya rasu, takardar da za a ba mu gawa ta maƙale a wani ofishi, aka ce sai Litinin. Na je na faɗa wa Baba, ba don ina tsammanin wani abu ba. Ya shiga ɗaki ya fito da kwat da hular soja, ya ce in tuƙa. A ofishin bai ɗaga murya ba. Ya ja kujera gaban tagar ma'aikaciyar ya zauna, ya ce mata, "'Yata, kada ki yi sauri. Na yi rabin rayuwata ina sauraron jawaban 'yan majalisa, babu wanda ya kai ni iya jira." Ba a jima ba takarda ta fito. Mun binne yaron kafin magariba. Baba ya tsaya daga nesa, hula a ƙirji, yana kallon yadda muke karɓar shebur hannu da hannu. Mutumin Damagaram bai taɓa mance wannan ba.

Shi ya sa a ranar da labarin ya zo, shi kaɗai na kira a kan hanya. Mutum ɗaya na faɗa wa. Kafin azahar layinmu ya cika, mata na sauke kuloli, maza na ciro tabarmi. Abokina ya iso a ƙarshe, ya naɗe ƙafar wando, ya buɗe but ɗin motarsa. Shebur biyu da diga.

Na ce, "Kai, mene ne wannan?"

Ya ce, "Bakano ke nan. Ku in an ce aiki sai ku tsaya tambayar farashi. Mutumin da ya tsaya muka rufe namu da wuri, mu bar shi ya kwana?"

Kafin in hana shi ya saɓa shebur ya nufi ƙofar Mama. Ta buɗe, idanunta sun kumbura, tana riƙe da tabaran Baba. Ta dubi shebur, ta dubi mai shebur, ta dube ni.

"Ɗana, ina za ku haƙa?"

Na fassara masa. Ya durƙusa ya ce, "Hwaɗa mata duk inda ta nuna. Kahin la'asar mun gama."

Mama ta dafa ƙofa. Na ɗauka kuka za ta yi, ashe dariya ce. Ta yi ta yi har sai da maiɗakina ta riƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce soja ne, a maƙabartar sojoji za a sa shi, kuma sai an ba da rana, don akwai layi.

Abokina ya ce, "Layi? Har a mutuwa?"

Na ce, "Ka ga inda ake da tsari. Ba irin Damagaram ba, da mutum zai yi dogon barci ya farka a rami."

Ya ce, "Gara mu. Ku a Kano sai kun sayar da likkafanin kun sayo mai araha."

Mama ba ta ji abin da muke cewa ba, amma ta ce a buɗe gareji. Ta ce Baba ya sha faɗa mata, in ta ga mutane da tukwane kada ta kira 'yan sanda.

Da yamma 'yarsu ta iso daga filin jirgi. Ta tarar da takalma sun yi tsibi a ƙofar gidan ubanta, gareji cike da maza a kan tabarma, ana dafa shayi a ɗan murhu. Ta ja ni gefe. Ba ta yi mini rashin kunya ba, tana da tarbiyya. Ta tambayi wanda ya gayyace su, da adadinsu, da ƙarfe nawa za su tashi. Na ce ba a gayyata, ba a ƙirgawa, kuma kwana uku ake yi. Ta ce mahaifiyarta na bukatar hutu da shiru, ta gode ƙwarai, amma a kwashe.

Gidan ubanta ne, ni kuwa rantsuwar ƙofar gareji kawai nake da ita. Na juya zan je in fara naɗe tabarmi, sai muryar Mama daga falo. Tana zaune tsakiyar mata, wata nas 'yar Filato tana matsa mata ƙafa.

Ta ce, "Bar su. Na zauna ni kaɗai ina jiransa yana yaƙi. Na zauna ni kaɗai ina jiransa yana majalisa. Wannan karon ba zan zauna ni kaɗai ba. Cire takalmanki ki zo ki ci abinci."

Ta cire.

Zaman ya yi kyau, in ana iya faɗin haka. Mata na ciki. 'Yan'uwanmu Kirista na Kaduna da Filato suna rera waƙoƙin coci da Hausa a hankali, Mama na bin sautin ko da ba ta san kalmomin ba, ta ce wasu da su ta tashi tun tana yarinya. Mu muna gareji. In lokacin salla ya yi mu tsallaka gidana mu yi, mu dawo. Ni ba malami ba ne, ban shiga abin da ban sani ba. Na roƙa wa iyalinsa haƙuri, na faɗi alherin da na gani da idona, sauran na bar wa Allah da ya san bayinsa.

A rana ta biyu labari ya bazu cewa gidan a buɗe yake. Tsofaffin sojoji suka fara zuwa, da hulunansu, wasu a keken guragu. Ba su iya zaman tabarma, sai muka jera musu kujeru, amma shayi sun sha shi har zagaye na uku. Ɗaya daga cikinsu ya ce Baba ne ya goya shi a baya ya fitar da shi daga cikin taɓo ana ruwan harsashi, kuma tun daga nan yake masa gorin nauyi duk shekara. Aka miƙa masa kilishi. Ya ci, hawaye suka zubo, ya ce yajin ne. Babu wanda ya musa masa.

Wata tsohuwa mai aikin shara a wani otal ta zo a bas. Ta ce ba ta taɓa magana da shi ba, amma ta san wanda ya sa aka yi rumfar da take fakewa in ana ruwa. Ta zauna ta taya mata gyaran alayyahu har yamma.

Manya ma sun zo, masu kwat, waɗanda suka shirya miƙa hannu su juya. Sai suka faɗa hannun mutumin Damagaram a bakin ƙofa. Ɗan majalisar da ya gaji kujerar Baba ya yi ta nuna agogo, abokina yana ce masa "dakor, dakor", wato "to, to" da Faransanci, yana kwance masa igiyar takalmi. Safar ɗan majalisar ta hagu a huje take, babban yatsa a waje. Ya zauna yana ɓoye ƙafa a ƙarƙashin cinya, wani tsohon soja ya ce masa, "Fito da shi, yaro, shi kaɗai ne a majalisarku ba ya ɓoye komai." Gareji ya kece da dariya. Mutumin ya saki jiki, ya yi awanni yana sauraron koken jama'a a kan tabarma. 'Yar Baba ta ce mini da ubanta na nan da ya ce wannan ne zaman majalisa na gaskiya. Tana riƙe da farantin masa lokacin da take faɗa.

Rabin alkawari ya cika. Na zauna jiran ɗaya rabin.

An ɗauki makonni kafin a ba da rana. Aka fara da coci, inda aka yi jawabai masu tsawo irin waɗanda Baba ya ce ya iya jira. Daga nan aka ɗunguma maƙabartar sojoji. Na sa farar riga wadda ba zan ji ciwo ba in ta ɓaci, na naɗe hannunta tun a mota. Abokina ya ce ya bar diga a gida, amma shebur ɗaya yana but ɗina, ko za a bukata.

Wurin shimfiɗe yake, kore shar, fararen duwatsu a jere iyakar ganinka. Aka kai mu wata rumfa mai benci. Samarin sojoji suka ɗauko akwatin a lulluɓe da tuta, suna taku ɗaya. Aka harba bindigogi sama, mutumin Damagaram ya kai ƙasa ya riƙe ƙafata, daga baya ya ce takalminsa yake gyarawa. Sannan wani ya busa begila daga nesa. Wannan busar ban san yadda zan kwatanta ta ba. Tsofaffin sojojin nan duk suka miƙe, har wanda sai da aka riƙe shi, suka sara masa. Aka naɗe tutar a hankali har ta zama 'yar ƙarama mai kusurwa uku, wani soja ya durƙusa gaban Mama ya miƙa mata. Na ce a raina, mutanen nan sun san darajar nasu.

Sai wani jami'i ya ce an kammala, kowa na iya komawa motarsa.

Na duba dama da hagu, ban ga kabari ba. Na matsa na tambaye shi. Ya ce a nan iyali ke yin bankwana, ma'aikata ne za su kai shi makwancinsa da injinsu bayan an watse. Ya faɗa cikin ladabi. Na tsaya da naɗaɗɗen hannun riga ban san abin da zan yi ba.

'Yar Baba ta hango ni. Mama ta riga ta ba ta labarin rantsuwar. Ta tafi wurin jami'in da takunta na lauya, na ga tana magana, tana nuna ni, tana nuna akwatin. Ya yi ta girgiza kai yana ba ta haƙuri. Ta dawo ta ce, "Yaya, na yi iyakar ƙoƙarina. Doka ce." Ranar ta fara ce mini yaya. Na ce ba komai, ubanta mai yin doka ne, ba zai so a karya ta saboda shi ba. Muka bar shi a rumfa. Na koma gida hannuna fes, kamar wancan karon.

Washegari da safe na fito zan tafi aiki, Mama ta kira ni daga lambu. Tana tsaye wurin kuɓewar Baba da ta fara bushewa, da gwangwanin kofi a hannu. Ta cika shi da ƙasa, baƙa, mai laima, ta rufe.

Ta ce, "Wannan ƙasar ta fi waccan saninsa, kullum hannunsa na cikinta. In sun kafa masa dutse za mu je ni da kai, ka zuba masa a gindin dutsen. Tafin hannu ɗaya, ciyawa za ta shanye. In an kama mu, muna da lauya."

Na karɓa da hannu biyu.

An kafa dutsen, 'yarsa ta turo mana hoto. Amma a watan ne aka yi wa Mama aiki a ƙugu, har yanzu da ƙarfen dogarawa take zagaya falo. Maiɗakina da nas 'yar Filato suna karɓa-karɓa wurin zama da ita, yarana na kai mata tuwo ranar Lahadi. Na taɓa ce mata ko in je in cika alkawari, in ta warke mu sake komawa tare. Ta ce in kuskura. Ta ce ita ma tana da maganar da ba ta gama yi masa ba, kuma tana so ta yi ta a gaban shaida.

Gwangwanin yana but ɗin tasi, na naɗe shi da tsohon tawul don kada ya kife, kusa da shebur ɗin da mutumin Damagaram bai zo ya ɗauka ba. Har yau ban zuba wa Baba ƙasa ba.